Teburin Talata

Ranar Talata ta farko, tun da sassafe aka zo aka cire wa Gwaggo 'yan kunne, aka sa mata rigar asibiti mai igiya ta baya. Ba ta ci ba, ba ta sha ba tun jiya, haka aka umarce ta. Wata nas ta yi mata alama da biro a cinyar hagu don kada a yi kuskuren ƙafa, Gwaggo ta yi dariya ta ce ai ko da ido a rufe mutum ya taɓa ya san wadda ta karye. Kwana huɗu ke nan da ta faɗo daga kan kujera tana rataye labule a falon Babba, ɗan wanta na fari. Ƙashin cinyar ya tsinke daga can sama, dab da inda yake shiga ƙugu.

Likitan ƙashi ya yi mata bayani tun ranar da aka kawo ta, a tsaye, da hoton ƙashin a hannunsa. Ya ce wannan ba karayar ɗori ba ce. Sai an kwantar da ita a kan wani tebur na musamman, a ɗaure tafin ƙafafunta cikin wasu takalma da ke manne a ƙarshensa, a riƙa murɗa wani hannu ana jan ƙafar a hankali har bakin ƙashin ya dawo ya haɗu da ɗan'uwansa. Daga ƙugu zuwa ƙasa teburin ba shi da ciki, fili ne, don injin hoto ya riƙa zagaya cinyar yana nuna masa inda zai sa ƙarfe. Irinsa guda ɗaya ne tak a asibitin. Sauran ranakun mako na waɗanda aka kwaso daga hatsarin hanya ne, masu kwance a ɗaki kuwa ranarsu Talata. Idan aka yi da wuri, in ji shi, kwana biyu za a tsayar da ita, wata biyu ta taka da sanda. Idan aka ja lokaci ƙashin zai fara kamewa a karkace.

Abu ɗaya ya rage, wata farar takarda. Gwaggo ta riga ta dangwala yatsa a sama cewa ta yarda a yi mata aiki. A ƙasa akwai layi guda: suna, adireshi da sa hannun wanda zai ɗauki mai jinya ranar sallama, ya kula da shi a gidansa mako shida. Asibitin ya sha fama da mutanen da ake yi wa aiki danginsu su yi ɓatan dabo, gado ya toshe wata da watanni. Shi ya sa aka kafa doka, ba mai hawa teburin nan sai an cika layin.

Babba ya ce ƙarfe bakwai yana nan. Gadon Gwaggo shi ne na tara, yana kallon ƙofa, don haka ba ta da wahalar juya wuya. Bakwai ta yi, takwas ta yi. Aka tura mace ta farko ɗakin tiyata, aka dawo da ita tana sambatu. Wajen goma da rabi Sista, babbar nas ta ɗakin, ta kira shi a waya a gaban Gwaggo. Ya ce motar tayil ce ta iso shago ba zato, babu mai tsayawa a kan masu sauke kaya, amma ya ce wa Auta ya zo. Aka kira Auta, waya a kashe. Da rana ta take aka ba matar gado na huɗu gurbin Gwaggo, ita kuma aka kawo mata shayi da burodi, aka mayar mata da 'yan kunnenta.

"Yaran nan aiki ya yi musu yawa," ta ce wa Sista. "Ki yi haƙuri da su."

Sista ta gyara igiyar wani ƙarfe mai nauyi da aka rataya daga ƙafar Gwaggo zuwa bayan gado, ta wuce.

Su uku ne, 'ya'yan wanta: Babba mai shagon tayil, Malama da ke koyarwa a makarantar firamare, da Auta mai aiki a kamfanin waya. Da keken ɗinkinta ta raine su bayan iyayensu sun rasu, ita kuwa ba ta taɓa haihuwa ba. Shekararta goma sha ɗaya a ɗakin da ke kusa da kicin a gidan Babba.

A yi musu adalci, babu abin da ba su aiko ba. Ƙarfen da za a sa mata tun ranar farko Babba ya saya, yana nan a ledarsa cikin durowar gefen gado. Filas sabo, bargo mai laushi, 'yar fanka mai caji, lemo leda guda. Direban Babba ne yake kawowa, ya ajiye, ya durƙusa ya ce Oga yana gaishe ta. Matan ɗakin har suna cewa Gwaggo ta yi dace da 'ya'ya, ita kuma ta amsa da murmushi, ta ce a ɗebi lemo.

Malama ce ta fara zuwa da ƙafarta, ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta. Ta zauna a bakin kujera da jaka a cinya kamar mai jiran mota. Ta yi kuka, kukan gaske, don ganin yadda Gwaggo ta faɗa. Da Sista ta kawo takardar sai hawayen suka tsaya. Ta ce ai Gwaggo ta san gidan, ɗaki ɗaya ne a sarari kuma uwar mijinta ce a ciki. Ban da haka ma, da Yaya a raye ita wace ce da za ta tsallake shi ta sa hannu? Sai a ce ta raina shi. Tana cikin jawo hujjoji bakinta ya suɓuce, ta ce shi ma Yaya da bai yi gaggawar zuba kwalayen tayil a ɗakin Gwaggo ba da tuni magana ta ƙare. Ta yi saurin gyarawa ta ce na ɗan lokaci ne, sito ne ya cika. Gwaggo ta tambaya ina aka kai kekenta. Malama ta ce yana nan, an rufe shi da leda a bayan gida.

Auta ta waya ya yi nasa bayanin. Hawa na uku yake zaune, babu na'urar hawa, kuma ba shi da mata. Wa zai sa wa Gwaggo fo, wa zai yi mata wanka? Shi da kansa? Ai ko don kunya ba za ta so haka ba. Gwaggo ta ce gaskiyarsa. Ba ta tuna masa cewa ita ta wanke shi har ya shekara bakwai ba, ta dai tambaye shi ko yana cin abinci a kan lokaci.

Talata ta biyu haka ta zo ta wuce, da yunwa da rigar igiya da alamar biro. A wannan karon matar Babba ce ba ta da lafiya, bayanta ya riƙe, ya kai ta wani asibitin.

A ɗakin nan nas biyu ne a kan gado talatin. Wanka da juya mai jinya da ɗaukar fo duk aikin 'yan'uwa ne, kowa ya sani. Matar gado na takwas 'ya'yanta mata uku ne suke karɓa-karɓa, kuma sukan taimaka wa Gwaggo in ta roƙa. Amma roƙo ba ya cikin abin da ta iya. Sai ta rage shan ruwa don kada ta bukaci fo. Ta daina neman a juya ta. Fatar gadon bayanta ta fara ja, sannan ta sale. Ƙarfe huɗu in an buɗe ƙofa ga masu ziyara, ɗakin ya cika da gaishe-gaishe da ƙarar kwanuka, Gwaggo takan ja bargo har ka ta yi kamar barci ya ɗauke ta. A ƙarƙashin bargon idonta biyu, tana rarrabe takun duk wanda ya shigo. Kaɗaici ya fi cinta a wannan awa fiye da duk sauran yini.

Ranar Laraba wata mata ta tsaya a gefen gadonta. Daga ofishin jin daɗin marasa lafiya take, matan ɗakin suna kiranta Mai Fayil saboda ba a taɓa ganinta hannu sake ba. Ta ja kujera ta zauna, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce akwai wata hanya. Wanda ba shi da kowa akwai takardarsa daban, rawaya. Asibiti zai yi masa aiki, bayan sallama a kai shi wani gidan jinya na masu taimako, ya yi mako shidansa a can har ya miƙe. Sharaɗin shi ne mai jinya ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu biyu, cewa ba shi da mai ɗaukarsa. Daga nan a liƙa sunansa a allon sanarwa na bakin ƙofar asibiti kwana uku, ko wani zai fito ya ce nasa ne.

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. Tun da aka kawo ta ba a taɓa jin muryarta ta tashi ba sai ranar.

"Ni ce ba ni da kowa? 'Ya'yana uku. Duba durowar nan ki gani, duba bargon da na rufa da shi. Allah ya kiyaye in sa sunan gidanmu a allo."

Mai Fayil ta ba ta haƙuri, ta ce ofishinta yana ƙarshen baranda in ta sake shawara. Gwaggo ta juya fuska bango, ranta ya daɗe yana tafasa.

A makon nan aka kawo wata tsohuwa mai sharar kasuwa, babur ya buge ta, karayarta irin ta Gwaggo sak. Ba ta da ko ɗan tsinke, zani ɗaya ne a jikinta. Aka tambaye ta ko tana da mai ɗaukarta, ta ce babu, ko gezau, kamar an tambaye ta ko tana da canji. Aka cika mata rawayar takarda aka ba ta gado na biyu. Gwaggo ta ji tausayinta har ta aika mata da lemo.

Talata ta uku Babba ya zo. Gwaggo ta gane takunsa tun daga baranda. Ya shigo da ƙamshin turare, ya gaishe ta a tsaye, ya ce kai Gwaggo kin rame, ba kya cin abin da ake aikowa ne? Sista ta kawo takarda da biro da sauri kafin ya sake tunani. Ya karɓa, ya sa tabarau, ya karanta layin nan sau biyu yana motsa leɓe. Sai ya tambaya ko zai iya sa hannu shi, amma a rubuta adireshin ƙanwarsa. Sista ta ce a'a, mai sa hannu shi ne mai gida, kuma motar asibiti ce take kai mai jinya har ƙofa. Ya tambaya mako shidan nan dole ne, ko ana ragewa. Ta ce wani ma yakan wuce haka.

Ya fita baranda ya kira Malama. Gwaggo ba ta jin kalmomin, amma tana jin muryarsa tana hawa tana sauka, ta san wannan muryar tun yana yaro in an ce ya ba ƙannensa wani abu. Ya dawo ya ce wa Sista ai za a bukaci katin shaidarsa, ya bar shi a mota, minti biyu. Ya ajiye biron a kan bargo ya fita.

Sista ta riƙe mata gurbi har ƙarfe ɗaya, abin da ba ta saba yi wa kowa ba. Masu tura gado suka zo sau biyu suka koma. A ƙarshe suka wuce gado na tara suka ɗauki mai sharar kasuwa.

"Wataƙila motar ce ta ba shi matsala," in ji Gwaggo.

"Mama," Sista ta ce, "sha shayinki."

Ranar Alhamis aka tsayar da mai sharar. Nas biyu suka riƙe ta, aka ba ta ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta ja taku ɗaya, ta ja na biyu tana zagin kowa da kowa, ɗakin yana dariya yana tafa mata. Ta zo har gaban gado na tara ta tsaya tana haki, ta ce wa Gwaggo ta gode da lemo. Gwaggo ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ta ji a ranta hassada ce, hassadar matar da ba ta da ko takalmi, kuma ta ji kunyar kanta.

Talata ta huɗu babu wanda ya ce mata kada ta ci abinci. Sista ba ta sa sunanta a jeri ba, ba a kawo rigar igiya ba. Duk da haka Gwaggo ba ta ci ba. Aka kawo shayin safe ta ce a ajiye tukuna, ta cire 'yan kunnenta da kanta ta ƙulle a bakin ɗankwali. Kada yaron nan ya zo a ce ta ci abinci, laifin ya zama nata. Shayin ya huce a kan durowa har ya yi fata.

Da yamma Likita ya zagayo da sabon hoto. Ya ɗaga shi wajen taga ya daɗe yana kallo. Ya sa aka juya ta ya duba gyambon bayanta, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ya ce ƙafar ta riga ta gajarce da faɗin yatsa biyu, ƙashin ya fara kamawa a inda bai dace ba. Talata mai zuwa ita ce ta ƙarshe da zai iya cewa zai gwada. Bayan ita ko an ɗora ta a teburin babu abin da zai jawo, kuma in gyambon nan ya ƙara zurfi ba zai yarda ya yanka kusa da shi ba. Gwaggo ta tambaya in ba a yi ba fa? Ya ce gado ke nan, iyakar rayuwa. Sannan ya tambaye ta ina 'ya'yan.

"Suna hanya," ta ce.

Washegari ta kira su ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gaya wa kowa abin da Likita ya ce, kalma da kalma. Ta ce ba ta bukatar ɗaki, ko baranda ce a shimfiɗa mata katifa. Ta ce ba ta da ci, sun sani. Ta ce in ta miƙe za ta nemi ɗan ɗaki ta kama, ba za ta ƙara zame wa kowa nauyi ba. Tana magana tana jin muryarta kamar ta wata, mai neman aikin wanki a ƙofar gidan mutane. Babba ya ce haba Gwaggo, wane irin zance ne wannan, gobe da yamma za su zauna su uku a gidansa a kashe maganar.

Sun zauna kuwa. Ranar Juma'a da safe Malama ta kira ta gaya mata abin da aka yanke. Sun duba ta kowace fuska, sun ga babu inda Gwaggo za ta samu kulawa kamar asibiti, ga likitoci ga nas-nas. Gaggawa ba ta da amfani. Yaya ya ce akwai wani abokinsa da ya san wani likita, za a ji ta bakinsa, don waɗannan likitocin sun cika tsorata mutane. Kafin nan Auta zai aiko mata da katifa mai iska saboda gyambon.

Gwaggo ta ce to, ta gode. Ta ajiye wayar a kan ƙirjinta ta daɗe tana kallon silin. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga bargo ta dubi ƙafafunta biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta hagun ta juya waje kamar ba tata ba. Sai ta roƙi 'yar matar gado na takwas ta je ƙarshen baranda ta kira mata Mai Fayil.

Shaidun su ne Sista da wani mai tura gado. Mai Fayil ta karanta tambayar yadda take a rubuce, ko mai jinya tana da wani ɗan'uwa ko makusanci da zai ɗauke ta ranar sallama. Ɗakin ya yi tsit, har mai nishi ta gado na shida ta yi shiru. Gwaggo ta nemi ruwa ta kurɓa.

"Rubuta," ta ce. "Ba ni da kowa."

Ta dangwala yatsa. Tawadar ta daɗe ba ta fita daga babban yatsanta ba duk da ta goge a bargo.

Mako huɗu ba su taɓa haɗuwa a gefen gadonta ba, amma allon sanarwa ya haɗa su cikin kwana ɗaya. Ranar Asabar kafin ma lokacin ziyara sai ga su su uku, Babba a gaba da waya a hannu. Wani mai sayen tayil a wurinsa ne ya zo duba ɗan'uwansa ya ga takardar, ya ɗauki hoto ya tura masa, don sunan mahaifin Gwaggo shi ne a rubuce da manyan haruffa a saman shagon. Babba ya ja labule ya zagaye gadon. Abin haushi, Gwaggo farin ciki ta fara ji da ta gan su a jere. Har ta lura maɓallin rigar Auta yana lilo, hannunta ya motsa kamar za ta nemi allura.

"Gwaggo, me muka yi miki?" in ji Babba, murya a ƙasa. "Sunan kakanmu a bakin ƙofa, kowa ya wuce ya karanta. Me muka rage ki da shi?"

Malama tana share hawaye ta ce in abokan aikinta suka gani da wane ido za ta dube su, za a ce su butulai ne. Auta yana kallon ƙasa ya ce da Gwaggo ta gaya musu abin ya kai haka. Gwaggo ba ta ce ta gaya musu ba. Ta ce a kira Sista.

Sista ta zo da takardun biyu, fara da rawaya, ta shimfiɗa su a kan bargo. Ta ce abu mai sauƙi ne. Yanzu-yanzu za ta yaga rawayar a gabansu, kafin su kai bakin ƙofa an cire sunan daga allo. Layi ɗaya kawai za a cika. Ta ɗora biro a kan farar takardar ta harɗe hannu.

Babba ya dubi Malama. Malama ta buɗe jaka tana neman abin da babu. Auta ya ɗaga kai yana nazarin fankar silin. Ana jin ƙarar cokali daga gado na takwas. Can Babba ya gyara murya ya tambaya ko za a iya fara cire sunan tukuna, maganar layin kuma su ƙarasa ta zuwa Litinin.

Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauki biron, ta ba Sista.

"Bar ta yadda take," ta ce. Sannan ta dubi su ukun. "Ku je, kada ku makara. A gaida yara."

Babba ya ce, "To. Mu dai mun zo. Ke kika zaɓa." Ya yaye labulen suka fita. A bakin ƙofa Auta ya waiwayo kamar zai dawo, Malama ta ja hannun rigarsa.

Kwana ukun suka cika babu wanda ya je ofishin Mai Fayil.

Talata ta biyar Gwaggo ce ta farko a jeri. Ɗakin tiyata ya fi yadda ta zata sanyi. Ga teburin a tsakiya, siriri, rabinsa katifa rabinsa sandunan ƙarfe biyu da suka miƙe da takalma a bakinsu. Mako biyar tana mafarkinsa, ashe bai kai teburin yankan yadinta faɗi ba. Aka yi mata allura a baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, amma idonta biyu. Mutum huɗu suka ɗaga ta suka ɗora. Wani saurayi ya naɗe tafin ƙafarta da auduga ya sa a takalmin ya ɗaure a hankali, yana ce mata sannu Mama. Rabon da wani ya riƙe ƙafarta da irin wannan kula har ta manta. Ta ji ana murɗa hannun, ƙiris, ƙiris, jikinta yana ɗan zamewa ƙasa. Likita yana kallon allon hoto yana cewa a ƙara, a ƙara, a tsaya. Ta ji ya yi ajiyar zuciya. Aikin da aka ce na awa ɗaya ne ya ci uku, don sai da aka sake raba abin da ya riga ya kama.

Da aka gama ya leƙo ta gefen ƙyallen da aka kare fuskarta da shi. Ya ce an yi abin da za a iya. Za ta taka, amma da ɗingishi, kuma sanda ba za ta bar hannunta ba har abada. Da makon farko ne, ya fara cewa, sai ya fasa ƙarasawa.

Mai tura gado ya fito da ita. A bakin ƙofar tiyata akwai dogon benci cike da mutane, kowa ya zuba ido yana jiran nasa. Sabon ma'aikaci ne, bai san zancen ba, sai ya ɗaga murya yadda aka koya masa.

"Masu gado na tara?"

Mutanen suka dubi juna. Wata mata ta fara miƙewa, ta leƙa fuskar ta ga ba tata ba ce, ta koma ta zauna. Ya sake kira.

"Tura kawai, ɗana," in ji Gwaggo.

Bayan kwana biyar motar asibiti ta kai ta gidan jinyar nan. Kayanta leda biyu ne, filas da fanka da bargo da katifar iska da ta iso bayan an gama aiki. Aka ba ta gado kusa da na mai sharar kasuwa.

Su ukun suna nan lafiya lau. An cire sunan daga allo, shago yana ci gaba, kwalayen tayil suna ɗakin da ke kusa da kicin. Direba yana kai lemo duk ranar Lahadi. In wani ya tambayi Babba ina Gwaggo, sai ya girgiza kai cikin takaici ya ce ai tsufa sai haƙuri. Ya ce su uku suka je har gadonta suna roƙo, ita ce ta ce ba ta da kowa, da bakinta, a gaban shaidu biyu. Kuma duk wanda ya je ya duba fayil zai tarar haka aka rubuta.